Kwana biyu a Istanbul kuma kuɗi ya ƙare a kaya, ina zan iya zuwa kyauta?

Tambaya daga wata 'yar kasuwa a Kano: Assalamu alaikum Malam. Ina zuwa Istanbul saro kaya a Laleli, abayoyi da kayan yara, kuma duk zuwan da nake yi daga otal sai shago sai ofishin kago. Wannan karon zan zauna kwana biyu ina jiran a gama ɗaure kaya, kuɗin hannuna kuma duk sun shiga kaya. Akwai wuraren gani da ba sai an biya ba? An ce min komai na garin da Yuro ake shiga.

Wa alaikumus salam Hajiya. Wanda ya faɗa miki haka bai yi ƙarya duka ba, fadar Topkapi da hasumiyar Galata da tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa (Basilica Cistern) duk da kuɗi ake shiga, kuma farashin baƙo daban ne da na ɗan ƙasa. Amma gine-ginen da suka fi komai kyau a garin masallatai ne, masallaci kuwa ba a sayar wa mai sallah tikitinsa, ga shi ke musulma ce, lokacin da ake tsayar da Turawa masu kyamara a bakin ƙofa saboda an kira sallah ke lokacin ne za ki wuce ciki. Don haka ki tsara yawonki a kan lokutan sallah kawai, Azahar a nan La'asar a can.

Kuma kin sauka a wuri mai kyau ba ki sani ba. Daga Laleli da ƙafa za ki hau tudu zuwa masallacin Sulaimaniyya, tafiyar da ba ta kai ta rabin awa ba ko da kina hutawa. Sarkin Turkawa Sulaiman ne ya sa babban magininsa Sinan ya gina shi tsakanin 1550 da 1557, kabarinsa da na matarsa Hurrem suna nan a harabar. Ni a wajena ya fi Masallacin Shuɗi da kowa ke rububi, babu cunkoso, za ki zauna kan kafet ki ɗaga kai ki kalli ƙubba babu mai ture ki. In kin idar kada ki fita ta inda kika shigo, ki zagaya bayan masallacin inda akwai ciyawa da 'yar katanga, daga nan za ki hango ruwa da jiragen fito suna kai da kawowa da hasumiyar Galata a tsallake, abin da wasu ke biyan kuɗin shayi mai tsada a saman bene don su gani.

Daga nan sai ki gangaro ta Babbar Kasuwa mai rufi, shiga kyauta ne, shaguna kusan 4,000, an fara gina ta tun zamanin Sarki Muhammad Fatih wanda ya ci garin a 1453. Ke 'yar Kwari ce ba sai na koya miki kasuwa ba, ki dai sani farashin ciki na 'yan yawon buɗe ido ne, a kalla a wuce. Ranar Lahadi a rufe take.

Filin Sultanahmet tasha kaɗan ne daga Laleli a taragon T1, wato jirgin ƙasa na cikin gari, ko ki taka. A tsakiyar filin akwai wani dogon dutse mai tsini da zanen Fir'aunoni a jiki, daga Masar aka kawo shi aka kafa a shekarar 390, ya girmi duk masallatan da ke kewaye da shi kuma a waje yake kowa na gani. Masallacin Shuɗi mai hasumiya shida yana gefe, kyauta. Aya Sofiya ce mutane ke ruɗewa a kanta: coci ce da aka gama a 537, ta zama masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi, sannan a 2020 ta koma masallaci. Tun farkon 2024 baƙo mai zuwa kallo yana biyan Yuro 25 ya hau benen sama ta wata ƙofa daban, mai zuwa sallah kuma ƙofarsa daban ba a karɓar kuɗinsa, toh ki je daf da kiran sallah da alwalarki, in mai gadi ya tare ki ki nuna masa sallah kika zo. In ƙafa ta gaji lambun Gulhane yana ƙasa kaɗan, da can lambun fada ne, yanzu kowa na shiga ya zauna a benci, ga kyanwoyi ko'ina sun yi ɓul-ɓul saboda mutanen garin na ciyar da su.

Rana ta biyu kuwa in wuri ɗaya tak za ki je, ki je Eyup. Can ne kabarin Abu Ayyubal Ansari, Allah ya ƙara masa yarda, sahabin da raƙumar Manzon Allah (SAW) ta durƙusa a ƙofar gidansa ranar shiga Madina ya sauke shi a gidansa. Da tsufansa ya biyo rundunar da ta zo yaƙin wannan gari a zamanin Mu'awiya, ya rasu a nan aka binne shi kusa da ganuwa. Abin mamaki mutanenmu da yawa sun yi shekaru suna zuwa saro kaya ba su san yana nan ba. Daga Eminonu, unguwar bakin ruwa da ke gindin gadar Galata, akwai taragon T5 da ke bin gaɓar ruwa har can. Harabar masallacin Eyup inda kabarin yake cike take da iyalai da tattabaru, akwai wata tsohuwar bishiya a tsakiya da aka kewaye da ƙarfe, kuma musamman ƙarshen mako za ki ga yara maza 'yan shekara shida bakwai an sa musu fararen kaya da alkyabba da hula mai gashin tsuntsu da 'yar sanda a hannu kamar an naɗa su sarauta, kaciya za a yi musu shi ne ake kawo su ziyara tukuna, iyaye na ta ɗaukar hoto yaron na ta taƙama bai san abin da ke jiransa ba. Ki yi sallama ki yi masa addu'a kamar yadda ake ziyarar kabari, za ki ga masu yin abubuwan da ba ki saba gani ba, ki bar su da nasu. Bayan masallacin akwai hanya ta cikin maƙabarta da ke hawa tudun Pierre Loti, hawan da ƙafa kyauta ne amma akwai tsayi, in gwiwa na damunki akwai motar igiya da ake biya da katin mota.

Katin nan, Istanbulkart, shi ne kaɗai abin da zan ce lallai ki kashe wa kuɗi. A injin tasha ake saye a zuba masa 'yan Lira, da shi ake hawa tarago da bas da jirgin ruwa. Da yamma ki hau jirgin fito daga Eminonu zuwa Uskudar, kuɗi kaɗan ne kin bar Turai kin shiga Asiya, masu rangadin ruwa da ke tare mutane a bakin gada suna nuna takarda ninkin ba ninkin suke karɓa a kan ruwan nan ɗaya. Kafin ki hau ki tsaya a kan gadar Galata ki kalli masunta jere da ƙugiya, Kasuwar Kayan Yaji ma tana nan tsallaken titi.

Sai hattara guda biyu dan Allah. In mai gyaran takalmi ya wuce gabanki burushinsa ya faɗi, kada ki ɗauka kada ki kira shi, da gangan ya yar, godiya zai yi ya kama goge miki takalmi sannan ya tsare ki da kuɗi. Haka wanda zai tare ki a filin Sultanahmet ya ce masallaci a rufe yake ki zo ya nuna miki wani wuri, shagon kafet zai kai ki. Ki saka takalmi mara tsini mai sauƙin cirewa don garin tudu da gangare ne kuma daɓen dutse, ki riƙe leda ta zuba shi a ƙofar masallaci, in kuma kwanakin naki sun haɗa da Lahadi sai ki mayar da Eyup da jirgin ruwa ranar, kasuwa da Sulaimaniyya ɗaya ranar.