Tambayi Malamin Gona: Tafarnuwata ta yi ganye, ta ƙi yin 'ya'ya

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malamin Gona, ya aiki, ya iyali? A watan Yuli na sayi tafarnuwa manya, fararen nan da ake sayarwa cikin raga, na ɓare na shuka a buhunan siminti huɗu a bayan ɗakina. Ta tsiro shar, har maƙwabta suna leƙowa. Bayan wata uku ganyen ya yi rawaya ya kwanta. Da na tona sai na tarar rabi ta ruɓe, sauran kuwa kowace ta yi dunƙule ɗaya tak kamar ƙaramar albasa, babu 'ya'ya. Maigida sai dariya yake yi min. Baba, a ina na kuskure?
*Uwargida daga Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki gaya wa maigida ya ajiye dariyarsa sai watan Maris. Hannunki ba shi da laifi ko kaɗan, lokaci ne da iri suka kayar da ke.

Tafarnuwa 'yar sanyi ce. Idan kika dubi inda ake noma ta da gaske a ƙasar nan, Sakkwato wajen Goronyo da Wurno, ko fadamun Kano da Jigawa da Kebbi, ko can cikin duwatsun Azbin a jihar Agadas ta Nijar, ba za ki ga manomi yana shuka ta da damina ba. Kowa jira yake ruwa ya ɗauke, a shiga kaka, iska ta juya. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba ake zuba ta a ƙasa. Dalili kuwa shi ne rayuwarta kashi biyu ce. Da fari tana bukatar sanyin hunturu ta tara ganye, sanyin nan kuma shi ne yake sa cikinta ya rabu gida-gida. Daga baya, idan yini ya fara tsawo, zafi ya fara shigowa wajen Fabrairu, sai ta bar yin ganye ta koma cika 'ya'ya a ƙasa. Yawan ganyen da ta tara kafin zafi ya zo shi ne girman dunƙulen da za ki tona. Ke kuwa kin ba ta ruwan Agusta na Zariya, wanda ko mutum sai ya nemi mafaka, kin kuma hana ta sanyi. Wadda ruwa ya kwanta mata ta ruɓe, wadda ta tsira ta yi dunƙule ɗaya don ba ta ga ɗari ba balle ta rabu.

Sai maganar iri. Fararen manyan nan na cikin raga yawanci daga ƙasar Sin ake kawo su, ita ce kan gaba a noman tafarnuwa a duniya. A can sanyin da suka saba da shi ya ninka namu, sannan sun daɗe a ɗakin sanyi da cikin jirgin ruwa kafin su iso gaban mai kayan miya. Kyau a ido, ga sauƙin ɓarewa, ban musa ba. Amma a shuka, ba sa son ƙasarmu. Ki je kasuwar Sabon Gari ki nemi 'yar gida, ƙananan nan masu bawo ja-ja, waɗanda matan gida ke ƙorafin suna cinye farce wajen ɓarewa. Su ne suka san hunturunmu, kuma ƙwaya ɗaya tasu ta fi uku na baƙuwar ƙarfi a tukunya. Ki matsa dunƙulen da yatsa, idan ya yi tauri babu laushi babu baƙin tabo, ki saya.

Ga yadda nake yi a tsakar gidana. Buhun shinkafa ya fi min na siminti, domin saƙarsa tana barin ruwa ya tsiyaye. In na siminti ne da ke, ki wanke shi sosai ki huda gindin wuri shida ko takwas. Ki naɗe bakin buhun, ki zuba ƙasa zurfin taƙi ɗaya da rabi. Taƙi na ce, mai lanƙwasa, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya in kin ware hannu. Taki kuma yana tafe. Ƙasar ta zama mai sakin jiki: kwano biyu na ƙasar gona, kwano ɗaya na yashi, kwano ɗaya na takin awaki ko na shanu wanda ya shekara ya zama baƙi kamar gari. Ɗanyen kashin kaji kada ki kusance shi, yana ƙona saiwa. Laka zalla ma ba ta yi, tana riƙe ruwa, in ta bushe kuma ta matse dunƙulen ya kasa buɗewa.

Kada ki ɓare tafarnuwar sai ranar shuka ko jajibirinta, kuma kada ki cire wa kowace ƙwaya rigarta. Ki ware manyan ƙwayoyin gefe don shuka, siraran tsakiyar nan ki kai su miya. Nan ne mutane da yawa ke yin rowar da ke cutar su: su cinye manyan, su shuka ƙananan, sannan su yi mamaki. Ki soka kowace a tsaye, tsininta sama, gindin da ke fitar da saiwa ƙasa, zurfin gaɓa biyu ta yatsa, wato santimita 3 zuwa 5. Tsakanin wannan da waccan faɗin yatsu huɗu ko biyar, kimanin santimita 10. Buhu ɗaya zai ɗauki bakwai ko takwas, kada ki cusa ashirin. Ki ajiye inda rana ke yini, ba gindin mangwaro ba. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga tsiro.

Saiwarta gajera ce, a sama-sama take, shi ya sa ba ta jure ƙishi kuma ba ta iya kokawa da ciyawa. Ki riƙa tura yatsa cikin ƙasar: idan gaɓar farko ta fito a bushe, ki ba ta ruwa, idan da danshi, ki ƙyale ta. A buhu da iskar hunturu wannan yakan zo duk kwana biyu, a fangali kuwa kwana huɗu ko biyar. Ciyawa da hannu ake tsinke ta tun tana ƙarama, fartanya tana yanke saiwa. In kina da takin zamani NPK, cokalin shayi ɗaya ya ishi buhu bayan mako uku da tsiro, ki sake bayan wata guda, nesa da jikin shukar. Daga wata biyu ki tsaya. Takin da aka ba ta a makare ganye yake ƙarawa, dunƙulen kuma ya ƙi ajiyuwa.

Waɗancan masu dunƙule ɗaya da kika tona, ba asara ba ce, tafarnuwa ce sak, ki ci abinki. In kuma kin nace sai kin gwada farar, ki nannaɗe ta a takarda ki sa a firiji, ba wajen ƙanƙara ba, na mako huɗu zuwa shida kafin Nuwamba. Wannan yana yaudarar ta ta ɗauka ta ga sanyi. Sai dai dabara ce ta wanda wutar unguwarsu ke da amana.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da fangali shida na tafarnuwa a lambuna. Bara na samu amfani mai kyau, amma kafin wata biyu rabin buhun ya lalace, ya yi baƙi yana wari. Yaushe ya kamata a cire ta, kuma yaya ake ajiyarta?
*Wani manomi daga Maraɗi*

Amsa: Barka kadai, Malam. Tambayarka ta tuna min da wautar da na tafka ina saurayi, farkon zuwana aiki wajen Kadawa a jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai har bakin gona. Ruwa ga shi a banza, ni kuma ga ɗokin sabon malamin gona. Na yi ta ban ruwa har ana gobe cira. Da na tuge sai na ga laka ta manne, na kai bakin magudana na wanke ta tas, ta yi fari ƙal, na cika buhun leda na ɗaure baki. Wani dattijo da ke fangalin kusa da nawa yana kallona bai ce uffan ba, sai da na gama ya tambaye ni ko yau zan sayar. Na ce a'a, sai ta yi tsada. Ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Kafin wata ya zagayo, ɗakin da na ajiye ta ba ya shiguwa.

Ina zaton ɗaya daga cikin ukun nan ka yi, ko duka: ban ruwa har ana gobe cira, wanke ta, ko ɗaure ta a buhun leda. 'Yar gida takan kai wata huɗu zuwa biyar, wanda ya shuka a Nuwamba yana cira a Maris. Amma kada ka bi kalanda kaɗai, ka bi ganye. Idan na ƙasa suka fara bushewa, wajen kashi ɗaya cikin uku, ka yanke ruwa gaba ɗaya na mako biyu. Idan rabin ganyen ya bushe, rabi yana kore, lokaci ya yi. Kowane koren ganye da ka gani a sama, riga ɗaya ce da ke lulluɓe da dunƙulen a ƙasa. Ka jira duk suka bushe, rigunan sun ƙare ke nan, dunƙulen zai tsage, 'ya'yan su watse, ƙasa ta shiga tsakaninsu. Ka yi gaggawa kuma, za ka samu ba ta cika ba. Ka tona guda biyu ka yanka a kwance: in 'ya'yan sun cika rigarsu sun rabu sarai, shi ke nan.

Wajen cira, ka sassauta ƙasar ta gefe tukuna, kada ka fizgo ta ganye, kada kuma ka riƙa jefa ta tana buguwa. Duk wadda ta ji rauni ita ce ke fara ruɓewa ta shafa wa 'yan'uwanta, don haka ka ware ta a ci da wuri. Ruwa kuwa kada ya taɓa ta. Ka kakkaɓe ƙasar da hannu, ka ɗaure goma-goma da ganyenta, ka rataye a rumfa inda iska ke ratsawa amma rana ba ta duka, mako biyu zuwa uku. Ranar Maris a Maraɗi tana iya dafa ta a tsaye. Idan kitsa ta kake so ka yi, ka kitsa tun ganyen bai gama bushewa ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Alamar ta bushe ita ce wuyan ya tsuke, bawon yana ƙara kamar takarda. Sannan ka yanke saiwa, ka yanke ganye ka bar wuya kamar gaɓa biyu, ka zuba a buhun raga ko kwando, ko rudu irin na albasa in tana da yawa. Buhun leda gumi yake sa ta. Kuma tun ranar ka zaɓi mafi girma ka rataye daban, irin baɗi ke nan, tunda tafarnuwa ba ta ba da irin fure kamar albasa, da jikinta ake shuka ta.

Tambaya: Baba, ganyen tafarnuwata ya yi fari-fari kamar an goga masa azurfa, bakinsa yana murɗewa. Ciwo ne?
*Ɗalibi daga Gusau*

Amsa: Ɗana, ka buɗa tsakanin ganyen can ƙasa wajen wuya, ka duba da kyau da safe. Za ka ga wasu 'yan ƙwari sirara, ba su kai ƙwayar gero ba, suna gudu. Su ne dai masu addabar albasa, tsotse ruwan ganye suke yi, kuma sun fi yawa idan iska ta bushe zafi ya fara. Ka daka 'ya'yan darbejiya cikin tafi biyu, ka jiƙa a bokitin ruwa su kwana, ka tace, ka ɗan sa sabulu, ka fesa da yamma har cikin wuyan. Ka maimaita sau ɗaya duk mako, har mako uku. Idan akwai tsohuwar albasa a kusa, daga can suke taso maka, baɗi ka raba musu wuri.