Sukurun jikin a-kori-kura ya daina kamawa, yaya za a yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura ƙirar Hilux da nake ɗauko masara da ita daga Giwa zuwa kasuwar Sabon Gari. Sukurorin da ke riƙe da robar madigadin baya da na murfin fitila sun daina kamawa, sai juyi kawai suke yi a cikin rami. Na sa wanda ya fi kauri, bai yi wata biyu ba ya sake saki. Wani ya ce in cusa tsinken ashana, wani ya ce in kai wa mai walda. Wanne zan bi? Daga wani direba, Tudun Wadan Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka bar tsinken ashana tukuna, wannan dabarar kafintoci ce. A katako tana aiki saboda ramin yana da zurfi, tsinken na samun wurin zama. A jikin mota kuwa babu zurfin da zai zauna, faɗuwa zai yi ta baya.

Laifin ba na sukurun ba ne. Ƙarfen bodin mota bai cika kai milimita 1 a kauri ba, yawanci 0.7 ne zuwa 0.9. Shi kuma sukurun da ke yanka wa kansa hanya, mai kaurin milimita 4.2, tazarar da ke tsakanin haƙoransa milimita 1.4 ce. Ka ga ke nan ko haƙori ɗaya cikakke ba ya samu ya kama. Leɓen ramin ne kaɗai ke riƙe da shi. Da zarar yaron gareji ya ƙara masa juyi ɗaya bayan ya riga ya ɗauru, ko girgizar hanya da lodi ta yi ta wasa da shi, ko tsatsar damina ta ci leɓen, shi ke nan. Sukuru mai kauri da ka sa, wataƙila mai 4.8, sabon leɓe ya samu a kan siririn ƙarfen nan dai. Sau ɗaya ake yin wannan, a kan abu mara nauyi. In ka maimaita, rami kake faɗaɗawa, har ya fi ƙarfin ramin robar da kake son ɗaurewa.

Abin da za ka fara dubawa shi ne ko hannunka na kaiwa bayan ƙarfen. In yana kaiwa, magana ta ƙare: ka sa ƙaramin bolti mai milimita 5 ko 6, wosha mai faɗi ta baya, sannan noti, zai fi kyau mai roba a cikinsa don kada girgiza ta kwance shi. A madigadi sau da yawa wannan ya isa.

In ramin na kusa da gefen ƙarfe ne, akwai ɗan kilif na ƙarfe mai lanƙwasa da ake zurawa ya ciji gefen, yana da nasa ramin da sukuru ke kamawa. Ka leƙa da kyau, mai yiwuwa tun daga kamfani irinsa ne a wurin, ko na roba, ya karye ya faɗi, wani ya zo ya ɗaure sukuru a ƙarfe tsirara. Na sha ganin haka a wajen fitilun baya. Ka cire guda ɗaya mai lafiya daga ɗaya ɓangaren ka tafi da shi wurin masu kayan gyara a Sabon Gari, nuna musu ya fi dogon kwatance.

Inda aikin yake shi ne ramin da ke tsakiyar ƙarfe, hannu ba ya kaiwa baya. Nan ni dai ribitin noti nake zaɓa. Wani ɗan bututu ne mai tiredi (haƙoran da bolti ke kamawa) a cikinsa da faffaɗan baki a sama. Ana zura shi a rami, a ja shi, sai jikinsa ya takure ya kumbura ta baya ya maƙe ƙarfen tsakaninsa da bakin. Daga nan kana da noti na dindindin mai haƙora da yawa, ka kwance ka ɗaure yadda kake so. Mai ɗaukar bolti 5 yana son rami milimita 7, mai ɗaukar 6 yana son 9. Kada ramin ya wuce haka ko kaɗan, domin in ya yi masa yawa zai riƙa juyawa tare da boltin, kuma cire shi a lokacin sai an sha wuya. Ka nemi na ƙarfe, mai zane-zane a jiki in an samu. Na alminiyon yana da laushi, kuma in ya haɗu da ƙarfe da danshi yakan ci kansa.

Ba dole sai da na'urarsa ba. Ka samu dogon bolti mai ƙarfi, ka ɗaura masa noti har sama, ka sa wosha biyu da ɗan giris a tsakaninsu, sannan ka ɗaura ribitin a ƙarshen boltin har tiredinsa ya cika. Ka zura a rami, ka danne, ka riƙe kan boltin da sifana ɗaya kada ya motsa, ka riƙa sauko da notin da ɗayar. Za ka ji ya yi tauri, ya ɗan sassauta lokacin da yake kumbura, sannan ya sake tauri. A nan za ka tsaya. Ka fara gwadawa a kan guntun ƙarfen da aka yar kafin ka taɓa motarka.

Wajen huda, ka naɗa salatif a bakin diril don kada ya zarce, saboda bayan fitila wayoyi ne. Ka goge bakin ramin, ka shafa masa fenti ko da ɗan kaɗan ne kafin ka sa komai. Ƙarfen da aka huda aka bari tsirara, damina ɗaya ta ishe shi.

Batun walda kuma, tana da wurinta, amma ba a nan za a fara ba. Wutar da ta dace da ƙofar gida ko gadon ƙarfe huda wannan ƙarfen take yi, ta ƙona fenti ciki da waje, ta bar wurin a lanƙwashe. Sai in ramin ya yage ko tsatsa ta cinye kewayensa ne za ka nemi mai gyaran bodi, ba kowane mai walda ba, ya yanke ruɓaɓɓen ya ɗora faci, ko ya tare ramin da jan ƙarfe ta baya ya cike shi da walda, a sake hudawa. Ko ranar ma, a cire kan batir, a kuma duba ta wane ɓangare tankin mai da bututunsa suke kafin a kunna wuta.

Gam mai haɗi biyu zai iya riƙe maka murfin fitila na ɗan lokaci in kana kan hanya. Madigadin da ke shan laka da tsakuwa kullum kuwa, kafin ka kai Shika ya sake shi.