Ɗigon Gawayi ko Ɗigon Kabon?

Wani ɗalibin kimiyyar sinadarai daga Yelwa, Bauchi, ya aiko da tambaya: "Malam, ƙananan ƙwayoyin kabon da ake gwada sa wa a ƙwan lantarki na LED don ya ba da farin haske, in ce musu ɗigon gawayi? Kuma wane karin magana ya dace da halinsu?"

Ɗana, gawayi bai dace ba. Bahaushe ya san gawayi baƙi ne, mai shafa wa hannu baƙi, ba ya haske sai an hura masa wuta. Waɗannan kuwa ba ƙonewa suke yi ba. Ka ce ɗigon kabon. Kalmar ɗigo ta yi daidai, domin yawancinsu ba su kai nanomita 10 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ido ba ya ganinsu. A 2004 aka fara gano su a Amurka, kuma ana iya dafa su daga sinadarin tsamin lemo da yuriya, wannan dai da manomanmu ke zuba wa masara.

Ka lura da fi'ilin da za ka yi amfani da shi. Fararen ƙwayayen lantarki na LED da ake sayarwa a kasuwar Wunti, asalin haskensu shuɗi ne. Wata hoda ce a bakin ƙwan take shan wani ɓangare na shuɗin ta fitar da ruwan ɗorawa, su biyun su gauraya ido ya ga fari. Hodar da aka saba tana buƙatar ma'adinai masu wuyar haƙowa da tacewa irin su siriyam, shi ya sa ake neman kabon ya maye gurbinta. To, kada ka ce ɗigon yana sheƙi ko ƙyalli. Waɗannan na madubi ne da sabon kwano, masu mayar da hasken da ya same su yadda ya zo. Ka ce yana shan haske ya sauya masa launi.

Karin maganar kuwa: taron tsintsiya ba shara. Ana faɗinsa ga jama'a masu yawa da ba su tsinana komai ba. Ɗigon kabon a cikin ruwa haskensa tar, amma da an busar da shi ya cure wuri guda sai hasken ya dusashe. Dole masana su warwatsa ƙwayoyin cikin roba ko sitaci ko silika, kowace nesa da 'yar'uwarta, kafin a shafa a bakin ƙwai.