Sabon shiga Linux: sai na iya rubuta umarni kafin in fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina da tsohuwar kwamfuta wadda ba ta ɗaukar Windows 11, sai abokina ya ce in sa mata Linux. Amma duk bidiyon da na kalla sai in ga mutum yana ta rubuce-rubuce a wani baƙin allo. Shin dole sai na iya wannan, ko zan iya ci gaba da danne-danne kamar yadda na saba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba dole ba ne. Kuma abokinka ya ba ka shawara mai kyau, tunda tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta tsayar da tallafin da ta saba ba Windows 10.

Idan ka ɗauki Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, za ka shiga intanet, ka rubuta takarda da LibreOffice, ka kalli bidiyo, ka sauke manhaja daga rumbunsu, duk da dannawa kawai. Ga wanda ya taso da Windows na fi son Mint, don fuskarta mai suna Cinnamon tana da jerin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa, inda hannunka ya riga ya saba zuwa. In kwamfutar ba ta da ƙarfi sosai, ka nemi Mint mai fuskar Xfce, ta fi sauƙin nauyi. Kana iya gwada ta daga filash ba tare da ka taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba.

To me ya sa masu koyarwa suka fi son baƙin allon, wato Terminal? Dalilin shi ne Linux ba fuska ɗaya gare ta ba. Abin da Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991 ƙashin bayan tsarin ne kawai, fuskokin kuwa wasu ne suka gina su daban: GNOME, KDE Plasma, Xfce, Cinnamon. Wanda zai taimake ka daga nesa bai san wacce ke gabanka ba. In ya ce danna nan, danna can, wataƙila maɓallin ma babu shi a wurinka. Amma in ya ce rubuta sudo apt install vlc, wato ka sa apt, umarnin sauke manhaja, ya sauko maka da manhajar kallon bidiyo ta VLC, wannan layi ɗaya zai yi aiki a Debian da Ubuntu da Mint, don dangi ɗaya ne. Fedora kam, wani nau'in Linux ɗin, dnf take amfani da shi a madadin apt.

Akwai kuma abin da nake ganin an raina shi: Terminal yana faɗa maka abin da ke faruwa. Manhaja ta ƙi buɗewa, ka danna sau goma shiru. Ka kira sunanta a Terminal, sau da yawa sai ta rubuta maka dalilin, kai kuma ka kwafi saƙon ka nemi magani. Haka apt yakan nuna maka yawan megabait ɗin da zai sauke kafin ya nemi amincewarka, abin da mai sayen data da kuɗin aljihunsa ba zai ƙi ba.

Sai dai a yi hattara. Terminal kamar ɗan aike ne mai tsananin biyayya, abin da ka ce shi zai yi, sau da yawa ba ya tambayar ko ka tabbata. Fayil ɗin da ka goge da rm ba ya zuwa kwandon shara, ya tafi ke nan. Kalmar sudo kuma tana ba umarni ikon taɓa ko'ina a tsarin. Saboda haka kada ka kwafo umarni daga intanet ka liƙa alhali ba ka san aikinsa ba, musamman in ya haɗa sudo da rm. Rubuta man sannan sunan umarnin, bayaninsa zai fito, ka danna q in ka gama.

Shawarata, ka yi makonnin farko da dannawa har ka saki jiki. Daga nan ka danna Ctrl da Alt da T tare, Terminal zai buɗe. Fara da waɗanda ba sa ɓata komai: pwd ya gaya maka inda kake, ls ya jero abin da ke wurin, cd ya kai ka wata folda. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a nan, Documents daban, documents daban. In ka fara rubuta suna ka danna Tab, zai ƙarasa maka. Kuma idan sudo ya nemi kalmar sirri ka ga ba abin da ke fitowa a allo, ba lalacewa ba ce, haka aka tsara shi. Rubuta kawai ka danna Enter.

Ba ka faɗi abin da kake karantawa ba. In ilimin kwamfuta ne, to nan gaba koyon umarni zai zama maka dole, don yawancin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet ba a sa musu fuskar dannawa, ta wata hanya mai tsaro da ake kira SSH ake shiga su daga nesa a rubuta umarni. In wani fanni ne daban, umarni goma zuwa sha biyar sun ishe ka.