Waɗanne littattafai masu hotuna zan karanta wa yarana game da bukukuwa da yanayin shekara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyu, muna zaune a Unguwar Rimi, Kaduna. Babbar shekararta 6, ƙaninta kuma 3. Ina saya musu littattafai masu hotuna daga masu sayar da gwanjon littattafai, amma duk wanda ya shafi biki ko yanayin shekara sai in tarar da dusar ƙanƙara da itatuwan da ba mu sani ba. Kwanan nan 'yata ta tambaye ni yaushe ƙanƙara za ta sauko a Kaduna. Wane irin littafi ya kamata in nema musu don azumi, Sallah, damina da hunturu, kuma a ina zan samu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman yara. Tambayar da 'yarki ta yi miki alama ce mai kyau, domin tana nuna cewa yarinyar tana gwada abin da ta gani a shafi da abin da take gani a tsakar gida, kuma wannan gwadawar ita ce babban amfanin littafi mai hotuna ga yaron da bai kai shekara 7 ba. Shawarata a dunƙule ita ce ki riƙa zaɓen littafi gwargwadon kalandar da yaranki suke rayuwa a cikinta, ki kuma fara karanta shi mako biyu ko uku kafin lokacin ya zo, yadda idan abin ya iso za su tarye shi da saninsa.

Yawancin littattafan da ke shigowa kasuwanninmu a Ingila da Amurka aka wallafa su, don yaran da shekararsu ke tafiya daban da tamu. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da littafin ke nuna furanni suna buɗewa da iska mai daɗi, mu a Kaduna muna cikin bazara ne, ana zufa, ana kwana a waje, yara na jifar mangwaro. A Yuli da Agusta, lokacin da yaran cikin littafin ke wasa a bakin teku cikin rana, mu muna cikin marka, shanya ma ba ta bushewa. A Disamba da Janairu su ƙanƙara ke rufe musu ƙofa, mu kuwa hazo ne da ƙura da tsagewar leɓe. Yaro ɗan shekara 3 da ake ta nuna masa wannan kalanda ba tare da tasa ba zai iya ɗauka cewa abin da ke cikin littafi shi ne daidai, nasa yanayin kuma bai kai a zana shi ba. Ban ce ki zubar da waɗanda kika saya ba. Ki ajiye su a matsayin labarin wata ƙasa, ki gaya wa babbar cewa haka sanyi yake a can, mu kuma ga yadda namu yake, amma kada su zama su ne farkon abin da ƙaramin zai sani.

A kan yanayin shekara, ki nemi littafin da ke ɗauke da abin da yaro zai iya fita ya nuna da yatsa. Na damina ya zamana akwai hadari yana haɗuwa daga gabas, da shamuwa da ke zuwa gab da faɗuwar ruwa, da shinge da ke taruwa a gindin fitila bayan ruwan farko, da kwaɗi, da mai gasa masara a bakin titi. Na kaka ya nuna dammunan gero da dawa, da rumbu, da gyaɗa ana shanya. Na hunturu ya nuna yara sanye da rigunan sanyi suna jin ɗumi da asuba, da uwa tana shafa musu man kaɗanya a ƙafa saboda faso, da rake da lemo sun cika kasuwa. Idan kin karanta musu na damina da dare, washegari kuma ruwa ya sauko, ki fito da su baranda su shaƙi ƙamshin ƙasa, ki tambaye su me suka gani jiya a littafi da ya zo yau. Yaran birni da dama ba su taɓa ganin yadda ake shuka ba, don haka ƙwayar wake a gwangwanin madara da aka cika da ƙasa, a ajiye ta kusa da taga, za ta ƙarasa abin da littafin ya fara cikin mako guda.

Sha'anin azumi da Sallah yana da wani abu da ya kamata ki lura da shi. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, saboda haka bukukuwanmu suna matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, sai sun yi kusan shekara 33 kafin su zagayo inda suka taso. Ƙaramar Sallah ta 2016 a watan Yuli aka yi ta, ana tsakiyar damina, ta 2025 kuwa a ƙarshen Maris, cikin zafin bazara. Ke nan littafin Sallah ba a ɗaure shi da wani yanayi guda, kuma wanda ya fi dacewa shi ne wanda ya mayar da hankali a kan wata: yadda ake dubansa, yadda yake fitowa siriri ya cika ya sake raguwa. 'Yar shekara 6 za ta iya bin wannan da idonta tun daga daren farko na Ramadan har zuwa jajibere, ta riƙa zana siffar watan a takarda kowane dare biyu ko uku, kuma a ganina wannan ya fi kowane dogon bayani a kan lissafin kwanaki.

Littattafan azumi na yara sun yawaita a 'yan shekarun nan, amma mafi yawansu daga Masar, Turkiyya, Indiya ko al'ummomin Musulmi na Ingila suke zuwa. Suna da kyau, kuma suna nuna wa yaro cewa ba mu kaɗai ke azumi ba, sai dai za ki ga fitilun ado na Alƙahira da abincin buɗa-baki da yaranki ba su taɓa ɗanɗanawa ba. Abin da ba za ki gani ba shi ne kunun tsamiya da ƙosai, da tashe da yara ke fitowa yi bayan azumi ya kai goma, da zuwa wurin tela karɓo ɗinki, da lalle da kitso a daren Sallah, da tuwon Sallah da ake aika yara su kai wa maƙwabta, da goron Sallah da suke ƙirgawa da yamma. Waɗannan ki cike su da bakinki yayin karatu. Idan shafi ya nuna iyali sun zauna shan ruwa, ki tambayi yaran me muke sha mu a gidanmu, su lissafa miki.

Ga hawan Sallah kuwa, mutanen Kaduna ba su da uzuri, domin Zariya na nan kusa, kuma a nan Kaduna aka yi babban hawan daba na FESTAC, bikin al'adun Afirka da baƙar fata na duniya, a 1977. Hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa a 2024, don haka hotunansa masu kyau ba su da wuyar samu. Littafi ko ma hotuna kaɗan da ke nuna doki da kwalliyarsa, da dogarai cikin ja da kore, da masu kakaki da algaita, zai sa ƙaramin ya rage tsoro ran da kuka kai shi kallo, tun da ƙarar bindiga da sukuwar dawaki kan firgita yaron da ba a shirya shi ba.

Babbar Sallah tana buƙatar kulawa ta daban, saboda yara kan shaƙu da ragon layya, su ba shi dusa, har su raɗa masa suna. Littafin da ya dace da wannan shekaru shi ne wanda ya bi labarin daga kiwon ragon zuwa rabon nama ga dangi da maƙwabta da mabuƙata, bai tsaya nuna wuƙa da jini ba. Ki buɗe kowane shafi tun a shago kafin ki biya. Ki duba musamman ko an zana siffar wani Annabi ko Mala'ika, domin wasu littattafan da aka wallafa a waje suna yin haka, kuma bangon ba ya nunawa. Haka nan littafin da ke ɗauke da ayoyin Alƙur'ani bai kamata ya shiga hannun ɗan shekara 3 shi kaɗai ba, tun da zai ja shi a ƙasa, ya taka, wani lokaci ya kai baki. Irin wannan ki ajiye shi a saman kanta, ki sauko da shi lokacin da kike tare da su.

Tun da a Kaduna kuke, yaranki za su ga Kirsimeti da idonsu ranar 25 ga Disamba, ko a makaranta, ko a wajen maƙwabta da ke aiko da shinkafa da kaza kamar yadda ku ma kuke aika musu da naman Sallah, ko a taron yara a filin shaƙatawa na Gamji. Littattafan Kirsimeti iri biyu ne: masu ba da labarin addini, da masu nuna tsoho mai farin gemu yana raba kyauta cikin ƙanƙara. Na farkon na iyalan Kirista ne, kuma su ma shawarar ɗaya ce, su nemi wanda yaran cikinsa suka yi kama da nasu, cikin hazon Disamba da tafiya gida ƙauye. Na biyun kuwa al'adar Turai ce kawai. Abin da na fi so gidan Musulmi ya samu shi ne labarin maƙwabtaka, wanda ke nuna cewa kowa na da ranar bikinsa kuma ana yi wa juna barka. Iyakar abin da za ki nuna musu a nan hukuncinki ne da na maigidanki. Ga babbar, ranar yara ta 27 ga Mayu da ranar 'yancin kai ta 1 ga Oktoba su ma lokuta ne na karatu, tun da tana ganin fareti da tuta a makaranta.

Game da shekaru, yaranki biyu ba littafi ɗaya suke buƙata ba. Ɗan shekara 3 a nema masa mai shafukan kwali da ba ya yagewa, hoto ɗaya babba a shafi, jimla ɗaya gajeriya, da wata magana da ake maimaitawa har ya haddace ya riƙa amsa miki kamar yadda ake amsa waƙar tatsuniya. Zai sa ki karanta masa littafi ɗaya sau da yawa har ki gaji, ki daure, domin ta maimaicin yake kama kalmomi. 'Yar shekara 6 kuwa ta isa labari mai farko da tsakiya da ƙarshe, irin mai shafi 24 ko 32, wanda a cikinsa wata yarinya ke da damuwar da za ta warware, misali tela bai gama ɗinkinta ba ga shi an ga wata. Littafin da babu komai a cikinsa sai wa'azi da jerin abin da yaron kirki yake yi ba ya riƙe yara, ko da hotunansa sun yi kyau.

Maganar inda za ki samu, dole a faɗi gaskiya: littattafai masu hotuna na Hausa a kan bukukuwa da yanayi ba su da yawa a shaguna. Kamfanonin da suka daɗe suna wallafa Hausa, irin su NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) na Zariya da aka kafa a 1966, sun fi ƙarfi a littattafan makaranta da adabin manya. Duk da haka ki zaga shagunan littattafai na cikin gari da na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ki leƙa sashen yara na ɗakin karatu na jiha, kuma ki sa ido a kan bukukuwan baje kolin littattafai irin KABAFEST da aka fara a Kaduna a 2017, inda ƙananan mawallafa kan zo da abin da ba a samu a kasuwa. A intanet akwai rumbunan littattafan yara na kyauta da ke da sashen Hausa, kamar African Storybook na wata cibiya a Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, da Bloom Library. Ana iya sauke littafi a waya ko a kai shagon kwamfuta a buga shi a takarda, kuma bugawar ta fi, domin yaro ya riƙe da hannunsa ya juya shafi. Sai dai ki karanta Hausar tukuna, saboda wasu fassara ce da aka yi cikin gaggawa, za ki ga an bar ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, ko an jera jimla yadda Bahaushe ba ya magana. Yarinyar da ke koyon haɗa baƙi bai kamata ta fara da gurɓataccen rubutu ba.

Idan littafin Turanci ne amma hotunansa sun dace, ki ba da labarin da Hausa kina bin hoton, ba sai kin bi rubutun kalma da kalma ba. Inda kuma kasuwa ta gaza gaba ɗaya, kamar tashe ko yawon Sallah, ki haɗa naki. Ki ɗauki hotuna takwas ko goma da wayarki a Sallah mai zuwa, daga wankin rago zuwa dawowa daga idi, a wanke miki su, ki manna a littafin zane, babbar ta faɗi jimlar kowane shafi ke kuma ki rubuta da manyan baƙaƙe. Ki sa a lulluɓe shafukan da leda saboda hannun ƙaramin. Littattafan kowane lokaci ki ware su a jakarsu daban, ki fito da na damina a Afrilu, na hunturu a Nuwamba, na azumi a tsakiyar Sha'aban, sauran kuma ki ɗaga su daga ƙasa ki nisanta su da bango, domin danshin Agusta da gara suna saurin cinye takarda.