Kwamfutar sutudiyo ta kulle, mai shago ya ce a kawo ya buɗe: me doka ta ce?

Wani ɗan'uwa daga Jidda ya rubuto cewa ya sayi kwamfuta ta hannu ɗauke da manhajojin haɗa waƙa FL Studio da Cubase, har an ƙara masa kuɗi saboda su. Da ya sake saka Windows, sai manhajojin suka fara neman lasisi, ga waƙoƙin biki na mutane a ciki. Mai shago ya ce ya dawo da ita a buɗe masa.

Malam, kada ka kai. Fara duba abu ɗaya: da imel ɗin wa aka yi rajistar manhajojin? Lasisi ba a jikin kwamfuta yake ba, yana kan asusun wanda ya saya. Kamfanin Image-Line mai FL Studio yana ɗaure shi da asusun mutum, shi ya sa in aka rasa shi manhajar ke komawa ta gwaji: tana barinka ka ajiye aiki, amma ba za ta sake buɗe maka shi ba. Cubase kuwa tun 2022, daga fitowar Cubase 12, ya bar ɗan makullin USB da ke ɗauke da lasisi ya koma kan asusu. In tsohon da ke amfani da makullin aka saka maka ba a haɗo da shi ba, to ba a sayar maka da lasisi ba.

Idan mai shago ya kasa nuna asusu ko rasit na kamfanin, buɗewar da yake nufi fasa kariyar manhaja ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Saudiyya ta 2003 ta saka manhajojin kwamfuta cikin abin da take karewa, ta kuma tanadi tara har riyal 250,000, da ɗaurin da zai iya kai wata 6, da rufe wurin sana'a, da ƙwace kayan. Hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Saudiyya, SAIP, ce ke kula da wannan fannin yanzu. Rashin sani a lokacin saye zai iya zame maka hujja. Yau kam ka sani, kuma kuɗi kake samu da ita.

Waƙoƙinka naka ne, wannan bai taɓa su ba. Kwafe fayilolin duka zuwa wani wuri tun yau. Da zarar ka sayi lasisi da sunanka, ayyukan za su buɗe, sai dai waɗanda ka yi da ƙarin kayan sauti na wasu kamfanoni, su ma kowanne da nasa lasisin.

Kuɗinka kuma kana da damar nema. Adana fatura, wato rasitin saye, da hirarku ta WhatsApp, da hoton saƙon da ke fitowa a allo. Rubuta wa mai shago ka nemi ya maido abin da aka ƙara maka, ka ba shi wa'adi. In ya ƙi, kai ƙorafi Ma'aikatar Kasuwanci ta lambar 1900 ko manhajar Balagh Tijari.

Sai dai ina roƙonka, kafin ka kai ƙara ka dubi takardunka. In iƙamarka, wato takardar izinin zama, ba ta wannan sana'ar ba ce, ko sutudiyon ba shi da rajista, ka fara zama da lauya mai lasisi a Saudiyya, ka tafi masa da iƙamar da faturar tare.