Kisan gilla, amsa laifi, da haukan da kotu ta sani

Wani mai karatu ya tambaya: "Malam, kullum a labarai sai mu ji an yi wa wane kisan gilla. Shin gilla yanka ake nufi, ko kuwa duk kisan da ya yi muni?"

Ɗan'uwa, asalin kalmar ya fi haka ƙunci. Aro ce daga Larabci, gila, wato a yaudari mutum har ya saki jiki, a ja shi inda ba mai kawo masa ɗauki, sannan a kashe shi, galibi don abin hannunsa. Ha'inci ne zuciyar kalmar. Wanda aka zuba wa guba yana ci yana godiya, an yi masa kisan gilla, ko da ƙwarzane ɗaya babu a jikinsa. Wanda kuwa aka sara a tsakiyar faɗa, ido na ganin ido, kisan ganganci aka yi masa, komai muninsa. 'Yan jarida sun shimfiɗa kalmar har ta rufe kowane mummunan kisa. Ba na faɗa da su, harshe na masu magana da shi ne, amma an yi asarar wani bambanci mai amfani.

A fiƙihu, idan kisan ganganci ne, dangin mamaci ke da magana: su nemi ƙisasi, su yafe, ko a daidaita a kan diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ce. Idan kuskure ne, ƙisasi ya faɗi, sai diyya da kaffara. To amma malaman Malikiyya sun ware gilla, suka ce yafewar dangi ba ta kuɓutar da mai ita, domin ɓarnarsa ta shafi amincin jama'a duka. Wannan tunanin ne dokokin zamani ke kira abubuwan da ke ƙara wa laifi nauyi: a kitsa kisan tun da wuri, a yi shi don kuɗi, a azabtar, a kashe ƙaramin yaro, ko a ci amanar wanda ya yarda da kai.

Wata malama kuma ta ce: "Mene ne bambancin iƙirari da amsa laifi? Kuma tunda baki shi ke yanka wuya, ba shi ke nan an gama shari'a ba?"

Malama, iƙirari furuci ne da mutum ya yi a kan kansa, ko a gaban ɗan sanda ko a ko'ina, kuma hujja ce da kotu za ta auna ta ga ko da son ransa ya yi. Amsa laifi kuwa sai a gaban alƙali, bayan an karanta wa mutum tuhuma an tambaye shi. Ki lura da fi'ilin: amsa ake yi, domin kira ne aka yi masa. A Ingila wanda ya amsa da wuri kan samu ragin da ya kai kashi 1 cikin 3 na hukunci, amma a kisan kai ɗaurin rai da rai na nan daram, sai dai a rage mafi ƙarancin shekarun da zai yi, kuma ragin ba ya wuce shekara 5. A dokar shari'ar laifuffuka ta Najeriya ta 2015, wanda ya amsa laifin da hukuncinsa kisa ne, sai a rubuta cewa bai amsa ba, a ce masu ƙara su kawo shaidunsu. A nan karin maganar ta ɗan gaza, bakin shi kaɗai ba ya isa.

Tambaya ta ƙarshe ta ba ni dariya: "Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ba ita lauyoyi ke naɗewa ba idan suka ce wanda suke karewa mahaukaci ne?"

Haukan wannan karin magana na gangan ne, borin kunya. Hausa ma tana jefa kalmar ko'ina: haukan fushi, haukan so, har tsada takan yi hauka. Kotu ba ta karɓar ko ɗaya daga ciki. A 1843 wani mai suna Daniel M'Naghten ya harbe Edward Drummond, sakataren Firaminista Robert Peel, a Landan, yana cikin ruɗin cewa 'yan jam'iyyar gwamnati na farautarsa. Aka ce ba shi da laifi saboda taɓin hankali, gari ya ɗauka, har Majalisar Dattawan Birtaniya ta tara alƙalai suka fitar da ma'aunin da ƙasashe da yawa ke bi har yau. Kowa mai hankali ne a idon doka sai an tabbatar da akasin haka, kuma dole a nuna cewa a daidai lokacin kisan, ciwon ƙwaƙwalwa ya hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa laifi ne. Hadisin nan na ɗauke alƙalami daga mutum 3, mai barci da yaro da mahaukaci, shi ma iyaka ya sa: har ya warke. Mai taɓuwa da ya yi kisa a ranar da yake garau, alƙalami na kansa.

M'Naghten kansa bai koma gida ba. A asibitin masu taɓin hankali aka tsare shi, da farko a Bethlem, daga baya a Broadmoor, inda ya mutu a 1865.